Tsarin ɗagawa da daidaita ƙafar injin jirgin ruwa

Tsarin ɗagawa da daidaitawa wani ɓangare ne na ƙananan jiragen ruwa masu inji wanda ke ɗaga ƙafar farfela sama ko ya sauke ta ƙasa gwargwadon buƙatar matuƙi. Ana samunsa a injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, ana kuma samunsa a jiragen da injinsu ke zaune a cikin jiki, amma giya da farfela suna waje, manne da allon baya. Wannan maƙala ta shafi kashi na biyun ne, musamman jiragen da aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa na 1990, waɗanda har yanzu ake hawa a tafkuna da gaɓar tekun Amurka da Turai.

Idan tsarin ya tsaya a tsohon jirgi, galibi laifin na ƙaramin abu ne: wayar da ta ci tsatsa, ko fis da ya ƙone, ko zoben roba da ya bushe. Don haka ne makanikai ke bin bincikensu daki-daki. Sukan fara tantance irin tsarin da ke jikin jirgin, sannan su duba wuta, sai mai, sai ƙarfe. Wanda ya tsallake wannan jeri yakan sayi sabon famfo mai tsada alhali waya ɗaya ce ta tsinke.

Ma'anar kalmomi

Hausa ba ta da tsayayyun sunaye na waɗannan sassa, domin jiragen da aka saba gani a Kogin Neja da Tafkin Chadi masu injin maƙalawa ne. A nan, "ƙafa" na nufin sashen da ke waje, wanda ke ɗauke da giya da farfela. "Daidaitawa" ita ce ɗan motsin da ake yi wa ƙafar yayin da jirgi ke gudu, don a gyara zaman goshinsa a kan ruwa. Ita ce ake kira tirim. "Ɗagawa" kuwa ita ce cira ƙafar can sama, lokacin da za a ɗora jirgi a tirela ko a matsa da shi bakin gaɓa. A yawancin jirage famfo ɗaya ne ke yin aikin biyu. Bambancinsu shi ne iyakar da ƙafar ke kaiwa da kuma ko ya halatta inji ya yi gudu a wannan matsayi.

Tarihi

Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fara sayar da irin wannan ƙafa ta zamani. Ya nuna ta da sunan Aquamatic a bajekolin jiragen ruwa na birnin Niyok a shekarar 1959, bisa ƙirar da injiniya ɗan Amurka Jim Wynne ya yi wa rajista. Daga baya ta bayyana cewa Charles Strang, wanda a lokacin yake aiki a kamfanin Carl Kiekhaefer mai injin Mercury, shi ne asalin mai dabarar. Kamfanin Kiekhaefer ya fito da tasa ƙafar mai suna MerCruiser a 1961. Na uku shi ne OMC, mai injinan Johnson da Evinrude, wanda ya yi ta ƙera ƙafar da aka fi sani da Stringer har zuwa 1985, sannan ya maye gurbinta da Cobra a 1986. OMC ya durƙushe a watan Disamba na shekarar 2000, abin da ya sa kayan gyaran wasu ƙafafunsa suka yi wuyar samu.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai gyara, domin kamfanonin uku ba hanya ɗaya suka bi ba. MerCruiser da Cobra suna aiki da matsin mai, wato haidirolik. Stringer da tsofaffin Volvo Penta samfurin 270 da mafi yawan 280 kuwa da motar lantarki da giya suke ɗagawa, babu mai a cikin aikin ɗagawar.

Amfanin tsarin

Idan aka sauke ƙafar har ta matso allon baya, farfela tana tura bayan jirgi sama, goshinsa ya yi ƙasa. Haka ake so wajen tashi, don jirgi ya hau saman ruwa da sauri. Bayan ya hau, ana ɗan tura ƙafar waje, goshi ya ɗago, jikin da ke gogar ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru, shan fetur ya ragu. Idan aka wuce kima, goshin yakan riƙa tsalle yana faɗowa, farfela ta riƙa shaƙar iska tana rasa riƙo. Idan kuma aka bar ƙafar a can ciki ana gudu sosai, goshin yakan nutse ya riƙa fizgar sitiyari gefe guda.

Lalacewar tsarin tana da illa ta zahiri. Ƙafar da ta maƙale a ƙasa takan ja siminti lokacin fitar da jirgi daga ruwa. Wadda ta maƙale a sama kuma ba a iya tafiya da ita, domin gaɓoɓin shaf masu siffar gicciye, irin na ƙarƙashin mota, ba sa jure juyawa da ƙarfi a lanƙwashe. Littattafan MerCruiser sun hana wuce juyi 1,200 a minti idan ƙafar ta haura iyakar daidaitawa.

Yadda tsarin mai yake aiki

Sassansa su ne batir mai volt 12, da maɓalli a hannun giya ko a gaban matuƙi, da solenoyid guda biyu, da motar lantarki haɗe da famfo da ƙaramin tankin mai, da tiyo masu jure matsi, da silinda biyu, ɗaya a kowane gefen ƙafar. Famfon yana cikin jirgi kusa da allon baya, silindojin kuma suna waje a cikin ruwa.

Maɓallin wuta kaɗan yake ɗauka. Aikinsa shi ne ya ta da solenoyid, shi kuma ya haɗa babbar wuta daga batir zuwa mota. Idan motar ta juya ta ɓangare ɗaya, famfo yana tura mai bayan fistin, sandunan silinda su fito, ƙafa ta tashi. Idan ta juya ta ɗaya ɓangaren, sandunan su koma ciki, ƙafa ta sauka. Da an saki maɓalli, wasu bawul a cikin famfon suna rufe hanyar mai, ƙafar ta tsaya cak inda take. A famfon Oildyne da ke jikin MerCruiser, matsin ɗagawa ya haura psi 2,000, na saukewa kuwa 'yan ɗaruruwa ne.

A cikin kowace silinda akwai bawul masu sifirin a jikin fistin. Idan ƙafar ta bugi gungume ko dutse jirgi na tafiya gaba, bawul ɗin suna buɗewa, ƙafar ta yi sama maimakon ta karye, sannan ta dawo matsayinta. Wannan kariya ba ta aiki idan jirgi na tafiya ribas.

A MerCruiser akwai wasu ƙananan na'urori biyu masu kama da murfi a gefen zoben da ƙafar ke juyawa a kai. Ta hagu ita ce makunnin iyaka, wadda ke yanke wutar ɗagawa idan ƙafar ta kai ƙarshen daidaitawa. Ta dama ita ce ke aika wa gejin gaban matuƙi labarin matsayin ƙafar. Maɓallin tirela yana kewaye makunnin iyaka, shi ya sa da shi ake ɗaga ƙafar har ƙarshe.

Matakan kariya kafin a fara aiki

Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan taru a ƙasan ɗakin inji, kuma gwajin waya yana fitar da tartsatsi. Saboda haka ana buɗe murfin inji, a kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti 4, a kuma tabbatar babu warin fetur. Ba a sa hannu ko kai tsakanin ƙafar da allon baya sai an tokare ta ko an ɗaure ta, domin tana da nauyi, kuma da an kwance tiyo za ta iya faɗowa. Ba a neman yoyo da yatsa: man da ke fita ta ƙaramin rami da irin wannan matsi yana iya huda fata, kuma raunin yana buƙatar asibiti nan take ko da ramin ƙarami ne. Kafin a kwance kowace waya mai kauri ana cire kan batir na nagetif.

Binciken ɓangaren wuta

Abu na farko shi ne saurare. Mutum ɗaya ya danna maɓalli, wani ya tsaya kusa da famfo. Abin da kunne ya ji shi ke nuna inda za a dosa.

Idan babu ƙara ko kaɗan sama da ƙasa, wuta ba ta isa ba. Ana auna batir. Cikakke yana nuna kusan volt 12.6. Sai a duba fis biyu da ke jikin famfon MerCruiser, babba mai amfiya 110 da ƙarami mai amfiya 20 wanda ke ciyar da maɓalli. Daga nan sai baƙar wayar da ke komawa batir, da fulogin da ke haɗa wayoyin maɓalli da famfo. Koren gari a kan tagulla alama ce ta tsatsa, kuma tsatsar tana iya bin cikin waya a ƙarƙashin roba ba a gani.

Idan ana jin ƙas-ƙas amma mota ba ta juya ba, maɓalli lafiya lau yake. Ana ɗora mita a babbar ƙusar shiga ta solenoyid, sannan a ta fita, ana danne da maɓalli. Idan wuta ta shiga ba ta fita ba, solenoyid ya ƙone ta ciki. Idan ta fita amma motar shiru, laifin na mota ne ko na wayarta ta komawa. Muhimmin abu shi ne a yi awon ana danne da maɓalli. Wayar da ta ci tsatsa tana iya nuna volt 12 idan babu kaya a kanta, amma da mota ta ja wuta sai awon ya zube.

Tsohuwar mota mai waya uku tana da shuɗiya ta ɗagawa, da koriya ta saukewa, da baƙa ta komawa. Makanikan Amurka suna tuna wannan da cewa sama shuɗiya ce, ciyawa koriya. Ana gwada motar kai tsaye ta hanyar taɓa waya mai kauri daga fozitif ɗin batir zuwa shuɗiyar ko koriyar. Idan ta juya, matsalar tana bayanta. Idan sai an ɗan bubbuga ta take tashi, burushinta na kabon sun cinye ko sun maƙale, yawanci saboda ruwa ya shiga. Motar tana da kariyar zafi a ciki, don haka wadda aka matsa wa takan tsaya sai ta huce. Motoci masu waya biyu, waɗanda suka zo daga baya, suna aiki da rile biyu masu juya alƙiblar wuta. A irinsu, rile ɗaya idan ya lalace yana iya kashe ɓangarorin biyu, domin kowanne shi ne hanyar komawar ɗan'uwansa.

Idan ɓangare ɗaya ne kawai ke aiki, ana musanya solenoyid ɗin biyu. Idan matsalar ta koma ɗaya ɓangaren, an gano mai laifin. A MerCruiser akwai wata alama da aka sani sosai: ƙafa tana sauka, maɓallin tirela yana ɗaga ta, amma maɓallin daidaitawa ba ya ɗagawa. Wannan makunnin iyaka ne ko wayoyinsa, waɗanda ke zaune a ruwa suna lanƙwashewa duk juyin sitiyari har robarsu ta tsage. Canza su yakan buƙaci cire ƙafar, shi ya sa wasu ke haɗe wayoyin biyu a cikin jirgi. Hakan yana dawo da ɗagawa, amma ya cire iyakar, sai ya zama matuƙi na iya wuce ta yana gudu bai sani ba.

Idan mota ta ci gaba da juyawa bayan an saki maɓalli, solenoyid ya narke ya manne ko ruwa ya shiga maɓalli. Nan take ake cire kan batir kafin motar ta ƙone. Idan kuma ƙafar na aiki daidai amma geji na nuna ba daidai ba, laifin na na'urar gefen dama ne, bai shafi famfo ba.

Binciken ɓangaren mai

Idan mota na juyawa sosai amma ƙafa ba ta motsi, ko tana motsi da ƙyar, an shigo ɓangaren mai. A MerCruiser ana duba mai ne ƙafa tana ƙasa gaba ɗaya, lokacin da sanduna suka koma ciki kuma mai ya dawo tanki. Wanda ya cika tanki ƙafa na sama zai ga mai ya yi ambaliya da ya sauke ta. Kamfanin ya yarda da mansa na musamman ko man inji 10W-30 ko 10W-40, Volvo Penta kuwa a yawancin famfunansa man giyar otomatik ake zubawa. Littafin samfurin shi ne alƙali, kuma ba a zuba man birki, domin yana lalata zobban roba.

Launin mai yana ba da labari. Mai kumfa yana nufin iska ta shiga, yawanci don mai ya yi ƙasa. Wanda ya yi fari kamar madara kuwa ruwa ne a cikinsa, kuma hanyarsa mafi yawa ita ce bakin silinda, inda sanda ke shiga da fita. Irin wannan mai ana zubar da shi duka, a gyara inda ruwan ya bi, in ba haka ba sabon ma zai koma fari. Iska kaɗan tana fita da kanta idan aka ɗaga ƙafa aka sauke sau da yawa ana ƙara mai, ana barin motar ta huta a tsakani.

Idan mai na raguwa, akwai yoyo. Ana duba ƙarƙashin famfo, da mahaɗar tiyo a allon baya, da bakin silinda. Ƙyallin mai a saman ruwa bayan jirgi alama ce cewa yoyon a waje yake.

Idan ƙafa na sauka da kanta cikin dare amma mai bai ragu ba, yoyon na ciki ne: ko bawul ɗin famfo ba ya rufewa, ko mai na zagaye fistin a cikin silinda. Ana raba gardama ta hanyar ware su. A ɗaga ƙafa, a tokare ta, a kwance tiyon ɗagawa a toshe hanyar da ke zuwa silinda da murfin ƙarfe mai zare, sannan a cire tokarar a hankali. Idan ƙafar ta tsaya, silindoji lafiya suke, laifin na famfo ne. Idan ta ci gaba da sauka, silinda ce. Masu gejin matsi suna ɗaura shi a bakin famfo su kwatanta da adadin da ke littafi.

Idan ƙafa na tashi sama da an sa ribas, hanyar saukewa ce ba ta riƙe mai. Dalilin na iya zama iska, ko datti a bawul ɗin fistin, ko bawul ɗin famfo. A tsofaffin MerCruiser masu famfon Prestolite akwai wani bawul na daban haɗe da hannun giya wanda ke kulle ƙafar a ribas, kuma saitinsa yakan goce.

Binciken ƙarfe da gyaran silinda

Wani lokaci wuta da mai duk lafiya, amma ƙafar ta cije. Ana cire ƙarshen silindojin daga sandar da ke riƙe su a jikin ƙafa, a ɗaga ƙafar da hannu. Idan ta yi tauri, fil ɗin da take juyawa a kansu sun bushe ko sun ci gishiri. Wannan kuma ita ce hanyar ceto idan tsarin ya mutu a bakin ruwa: a saki silindoji, a ɗaga ƙafa, a ɗaure ta da igiya mai ƙarfi. Wasu famfuna suna da sukurun sakin mai da ke ba da damar yin haka ba tare da kwance komai ba.

Ana sayar da zobban silinda a ƙunshi. Kafin a saya ana shafa sandar a duba. Idan ta lanƙwashe ko ta yi ramuka, za ta yanke sabon zobe cikin ɗan lokaci, gara a canza silindar duka. Murfin silinda yana buƙatar sifana ta musamman mai haƙora, kuma a jirgin ruwan gishiri yakan manne. Zaren da tiyo ke shiga na alminiyom ne, mai saurin lalacewa, saboda haka da hannu ake fara ɗaura shi kafin a sa sifana. Tsabta wajibi ce, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa.

Tsarin da ba na mai ba

A OMC Stringer, ƙafar tana haɗe da inji ne, ta ratsa allon baya ta cikin wata babbar roba. Motar lantarki ce ke juya giya mai zare, ita kuma ta tura wani ƙarfe mai haƙora mai siffar yankin da'ira, ƙafa ta tashi. Akwai kulocin faranti a tsakani wanda ke zamewa idan ƙafar ta yi karo. Idan mota na juyawa ƙafa ba ta tashi, ana zargin mahaɗin shaf ɗin motar, ko kulocin, ko haƙoran da suka cinye. Daidaitawa a wannan ƙira daban take: gaban injin ne ake ɗagawa ko saukewa, ƙafar ta bi shi. Yin gudu ƙafar tana ɗage yana cinye giyoyi masu kan ƙwallo da ke haɗa ta da inji.

A Volvo Penta 270 da 280 masu ɗagawar lantarki, mota ce ke tura sanda mai zare ta danna ƙafar ta tashi, kuma kafin hakan sai ta saki ƙugiyar da ke riƙe ƙafar a ribas. Daidaitawa da hannu ake yi, ta hanyar matsar da wani fil daga rami zuwa rami. Idan ƙafar na tashi a ribas, ƙugiyar da sifirin ɗinta ake dubawa. Samfurin 290 ya zo da tsarin mai.

Kulawa

Ana ajiye jirgi ƙafarsa tana ƙasa. Hakan yana ɓoye sandunan silinda daga gishiri da ƙwarin ruwa, yana barin ruwa ya tsiyaye daga ƙafar kafin sanyi ya daskarar da shi, yana kuma hutar da robar nan mai kama da zugazugi da ke rufe shaf, wadda in ta tsage ruwa ke shiga jirgi. Wajen tafiya a tirela ana sa matokara a kan sanduna don kada nauyin ƙafar ya riƙa dukan bawul. Ƙananan ƙarafan da ke jikin silinda, waɗanda aka sa don su zaizaye a madadin alminiyom, ana canza su idan rabinsu ya tafi: zinki ko alminiyom a ruwan gishiri, magniziyom a ruwan daɗi, kuma ba a yi musu fenti. A farkon kowace kaka ana duba mai, a goge kawunan wayoyi a shafa musu giris, a kuma tabbatar duk solenoyid ko motar da za a saka ta jirgin ruwa ce, wadda aka rufe don kada ta fitar da tartsatsi a ɗakin inji.